Wayar Hoto da Wayar Fitila

Asabar, bayan la'asar

Yau suka fitar da allon fitiluna daga ɗakin dandali. Allon kunna fitilun wasa da na haɗa da hannuna tun zamanin samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa, katakon maɗaci, ko gara ba ta taɓa shi ba. Suka jingine shi bayan makewayi kamar tsohuwar ƙofa. Mushe Ilyasu, haka muke kiran ɗan boko a nan, shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, ya ce, "Baba Danda, ka yi aiki, yanzu ka huta. Gadi da shara sun ishe ka, makulli kuwa yana nan hannunka." Wai girmamawa ke nan. Yaron da na sha ɗorawa a kafaɗa don ya hangi wasa ta saman katanga.

A wurin allon an kawo ordinatar, wato kwamfuta, wani baƙin akwati, an tura shi ƙarƙashin tebur. Shi zai riƙa kunna fitilu, shi kuma zai riƙa jefa hoto jikin bango bayan ƴan wasa, ka ga daji ko kasuwa ba tare da kowa ya zana ba. To wa aka danƙa wa? Nana Firdausi. Autata. Ɗiyata ce ta gaje ni ina raye. Ta bar aikinta na Maradi ta dawo Tasawa saboda wannan akwatin.

Akwai gasa kafin girbi. Ƴan Mayahi za su zo, da ƴan Urafane, har da na Issawane. Ilyasu ya faɗa mata gaban kowa cewa gwaji ne: in fitilu suka zauna daidai kafin gasa, aikin nata ne, in ba su zauna ba, akwai mai yi a Maradi. Dama rabin komite ba su so a ba mace ba.

Ni dai ba a tambaye ni ba. Ba wanda ya ce, Danda, kai da ka ƙona yatsu a ɗakin nan, mi ka gani?

Litinin, da hantsi

Jiya aka gwada. Abin dariya. Muddin hoto na tsaye, fitilu lafiya. Da hoto ya fara motsi sai fitilu su kama makyarkyata kamar mai masassara, ja ta zo inda ake son fara, wata ta mutu ta farfaɗo ta sake mutuwa. Gambo taubashina, shi ne ke yin dillalin awaki a wasan, yana tsakiyar ciniki duhu ya rufe shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho! Ɗiyarka ta binne ni ban mutu ba!" Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Allona bai taɓa binne kowa ba.

Da muka koma gida ta zauna tana yi wa uwarta bayani. Kubra matata da ba ta san makunni daga maɓallin riga ba, ita ake wa bayani, ni ina nan kan tabarma kamar turmi.

"Inna, hanya ɗaya suke bi, shi ne matsalar. Hoto kaya ne mai nauyi, kamar amalanke cike da dammunan gero. Saƙon fitila kuwa ɗan mitsitsi ne, amma ba ya jira. In amalanke ta tare lungu, shi ke nan ya makara. Raba musu hanya zan yi, kowa da bakin rezo nashi, wato ramin da ake soka wayar saƙo."

Kubra ta ce, "To Allah ya raba lafiya."

Na yi tari. Ba wanda ya waiwayo.

Laraba, bayan isha'i

Ta kawo wani ɗan abu kamar babban yatsa mai guntun wutsiya, ta ce katin rezo na biyu ne. Ta soka shi a bayan akwatin. Yanzu waya biyu ce: ɗaya ta fita daga bakin akwatin na asali ta tafi wajen majigi, ɗaya ta fita daga ɗan yatsan ta hau rufi wajen fitilu. Dukansu launin toka, kauri ɗaya, kai ɗaya. Ina shara ina jinta tana faɗa wa Ilyasu cewa kowane baki da lambarsa, ta fitilu da biyu take farawa, ta hoto da ɗari da casa'in da biyu, kuma bakin hoto kaɗai ta buɗe wa ƙofar fita waje, don in duka biyu suka samu ƙofa akwatin zai rikice. Ilyasu na ta kaɗa kai kamar ƙadangare. Rantsuwa zan iya yi bai gane ko ɗaya ba.

Ta danna. Abin ya yi. Kogi na gudu jikin bango, fitilu na bin hannunta ba gardama. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi. Sai dai jar tata ba ta kai tawa ba, wadda nake shafa wa ƙwan fitila fenti in sa shi cikin gwangwanin madara.

Ana cikin murna hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kowa ya kama gabansa, ita ma ta ruga kwashe shanyar uwarta. Aka bar ni da ɗaki.

Na yi abin da nake yi kowace damina. Na cire duk wayar da ke jikin akwatin har da ɗan yatsan, na naɗe su, na rataye a ƙusa, na rufe gilashin da take duba aiki a kai da buhu. Su ba su sani ba, ni na sani. Shekarar da aradu ta biyo waya ta ƙone mana amsa-kuwwa, uban Ilyasu ne shugaba. Ya tsayar da ni gaban ƴan samariya maza da mata, ya ce sakacina ne, mai gadin kirki ba ya barin ƙarfe a haɗe ana tsawa. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma maganar ba ta rasu ba. Daga ranar ba a sake yin hadari da waya a haɗe cikin ɗakin nan ba.

Da ruwa ya ɗauke na mayar da komai. Ramukan bayan akwatin duk iri ɗaya ne, kowace ta shiga lafiya lau.

Alhamis, da azahar

Akwatin ya tashi da taurin kai. Fitilu ko motsi. Firdausi ta zauna gabansa tun hantsi, ƴan wasa na zaune a inuwa suna cin gyaɗa suna zubar mini da ɓawo. Can ta ce wai akwatin ya manta lambar ɗan yatsan, har ya raɗa masa sabon suna kamar bai taɓa ganinsa ba. Ta sake rubuta masa, ta yi ƴan dube-dube, abin ya dawo. Ta ce ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da aka yi jiya cikin ruwa ne ya gigita shi.

Kayan da ke mantuwa don an ɗauke kuran. Ni da na tsufa ban manta abin da aka yi mini shekara da shekaru ba.

Juma'a, bayan masallaci

Ba ruwa. Fitilu lafiya. An bar allona cikin rana, akuyar wani ta kwanta a kai.

Litinin, da la'asar

Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsawa har cikin haƙora. Na yi nawa aikin. Guiwata ta dama ta kumbura saboda durƙuso ƙarƙashin teburin nan, ba wanda zai sani, ba wanda zai ce sannu.

Yau da safe ba hoto ba fitila. Ta aro wani batir mai riƙe wuta in an ɗauke kuran, tun ranar Asabar ta haɗa shi, ta ce daga yanzu magana ta ƙare. To ba ta ƙare ba. Ilyasu ya tsaya bayanta yana duba agogo.

"Madmazel, kullum gyara? Ranar gasa ma haka za mu ce wa ƴan Mayahi, su ɗan jira ana rubuta lamba?"

"Zan gano shi, Mushe."

"Ki gano da wuri. Komite na yi mini magana."

Na so in ce masa ya sassauta murya, da ɗiyata yake magana. Sai na tuna ni mai shara ne. Na ci gaba da shara, na bi ta kan takalminsa.

Talata, da hantsi

Ta ce ta gano. Jiya da ta leƙa ƙasa da tocila ta tarar wayar fitila a bakin hoto, wayar hoto a bakin fitila, ɗan yatsan kuma ba a raminsa ba. Ta tara ƴan wasa, fuska a murtuke. Ban taɓa ganin ta yi kama da ni kamar yau ba.

"Wa ke taɓa mini bayan ordinatar? Wani na cire wayoyina yana sa salularsa caji."

Kowa ya kalli Gambo, don kowa ya san salularsa ba ta ƙoshi, duk ramin da ya gani sai ya soka ta. Ya dafe ƙirji ya ce shi sau ɗaya ya taɓa yi, shi ma a gaba ya soka, ba a baya ba. Ya juyo wajena.

"Tsoho, kai ne mai gadi. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin na cire waya?"

Na ce, "Na ga ka sa caji." Gaskiya ce, kuma ita aka tambaye ni, ko kusa da ita.

Ilyasu ya hana shi shiga ɗakin kaya, ya ce in ya sake za a ba wani dillancin awakin. Daga yau ɗaki a kulle, makulli biyu, nata da nawa. Gambo ya fita bai tsokane ni ba. Shekara nawa muna tare, bai taɓa wuce ni bai ce mini tsohon banza ba.

Shi ma ai yana da nashi. Ranar da aka fitar da allona shi ya kama gefe ɗaya.

Talata dai, bayan magariba

Maganar caji suke yi. Ni ba caji nake yi ba. Abin da nake yi daban ne, kariya ce.

Laraba, da azahar

Ta liƙa ƴan fararen takardu jikin wayoyin da bakin ramukan, ta rubuta musu suna da boko, ta ce yanzu ko makaho ba zai ɓata ba. Na tsaya na duba. Tururuwa ce a jere. Ta manta ubanta allo ya yi, shi ma bai yi nisa ba aka tura shi kiwo, ko kuwa ta tuna ta ga ba da ni take ba. Kuma ko da na iya, wane ido gare ni da zan ga wannan cikin duhun ƙarƙashin tebur?

Ba zan tambayi ɗiyar da na haifa mi ta rubuta ba.

Juma'a, da sassafe

Jiya hadari ya zo da iska, ya kwashe rufin kwanon maƙwabta. Na tsaya bakin ƙofar ɗakin da makulli a hannu, na daɗe. Na ce bari in bari. Sai walƙiya ta haska dandalin duka, na ga allona can bayan makewayi, tsawa ta biyo. In aradu ta ƙone akwatin nan, wa za a tsayar gaban jama'a? Ita da ni.

Na shiga. Na yi ƙoƙarin riƙe wa raina wadda ta fito daga dama da wadda ta fito daga hagu. Da na zo mayarwa an ɗauke kuran, takarda ɗaya ta saki saboda laima ta manne mini a guiwa.

Ina jin na mayar daidai.

Juma'a, bayan la'asar

Ilyasu ya zo da mutum uku na komite su gani da idonsu. Ta danna, ba abin da ya motsa. Ta sake dannawa. Ɗaya daga cikinsu ya yi tsaki ya ce dama ya faɗa.

Ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin tebur. Ta daɗe a ciki fiye da yadda gyaran ke bukata. Da ta fito ba ta kalli kowa ba sai igiyar da ke wuyana, wadda nake rataye makulli. Ɗan kallo kaɗan, ta sunkuyar da kai.

Ilyasu ya ce, "Wa ya shiga kuma? Ɗaki a kulle yake."

Ta ce, "Ba wanda ya shiga, Mushe. Ni ce ban adana saitin da kyau ba."

"Ke ce."

"Ni ce."

Ya ce to madalla da ta faɗi gaskiya, amma shi ba zai kai ƙungiya ga kunya ba. Nan take ya fita waje ya kira Maradi.

Zafi ake yi yau, irin mai sa mutum ya rasa abin da ke masa daɗi.

Asabar, da hantsi

Ta kawo mini fura ta ajiye, ta tsaya.

"Baba, in hadari ya taso, kana shiga ɗakin kaya?"

Na ce, "Ɗakin da nake shiga tun uwarki na budurwa, yau sai na nemi izini?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Tambaya ce."

"Ki tambayi akwatinki, shi da ya san komai."

Na ɗauki sandata na fita. Furar ma ban sha ba, ta yi tsami.

Lahadi, bayan magariba

Ba ta ci tuwo ba. Kubra ta biyo ni zaure ta ce, "Malam, mi ke tsakaninka da yarinyar nan?" Na ce mi kika gani? Ta ce ba ta ga komai ba, amma shekara arba'in tana kallon ƙeyata, ta san yadda take in na yi abu. Na ce mata ta je ta kalli tukunyarta.

Mata ke nan. Mutum ya tsare kaya daga wuta, a ce ya yi abu.

Litinin, da azahar

Ba ta je dandali ba. Ta wanke kayanta duka ta shanya. Ta kira Maradi tana tambaya ko wurinta na nan, na ji ta ce, "To, ko na wucin gadi ne." An ba wani.

Talata, bayan la'asar

Mutumin Maradi ya iso. Rayyanu sunansa. Farar shadda mai sheƙi, turare tun daga bakin ƙofa, salula biyu a hannu. Ya miƙo mini makullin motarsa ya ce, "Tsoho, a kula da ita kada yara su taɓa." Ko sallama.

Ya zauna kan kujerarta, ya duba ya duba, ya yi dariya.

"Wa ya yi muku wannan aikin?"

Ilyasu ya ce wata yarinya ce.

"Ai na gani. Mushe, rezo ba kitso ba ne. A bar mata su yi abin da suka iya."

Ƴan komite suka yi dariya. Ina tsaye da tsintsiya. Ilyasu ya san ɗiyar wa ce, ya kau da kai.

Ya goge duk abin da ta rubuta, ya ce shirme ne, waya ɗaya ta isa. Ya sa aka haɗe su hanya ɗaya. Da hoto ya motsa, fitilu suka kama makyarkyatarsu ta farko. Ya fita ya yi waya mai tsawo bayan katanga. Ya dawo ya sa wani cikin ƴan wasa ya durƙusa ya raba wayoyin, shi yana daga sama yana nuni da biro. Na kasa kunne da yake karanta lambar da yake rubutawa. Ta fitilu da biyu ta fara. Ta hoto da ɗari da casa'in da biyu. Ƙofar fita guda ɗaya.

Boko ne ban yi ba, kunne ina da shi. Abin da ta yi shi ya yi, bai ƙara ko gishiri ba.

Abin ya tashi. Suka tafa masa. Ya ce ranar Alhamis a tara komite duka da manyan gari ya nuna musu yadda ake aiki, daga nan a ba shi riƙon kayan, zai riƙa turo yaronsa. Ya ce nashi saitin ba ya mantuwa.

Laraba, da hantsi

Gari ya waye wasai. Rayyanu ya zo ya danna, komai lafiya. Ilyasu ya ce, "Ka gani, Baba Danda? Kwana ɗaya, bai motsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, aiki ne sai mai shi." Kwana ɗaya da ba a yi hadari ba. A kasuwa har an fara cewa ɗiyar Danda ta kusa lalata kayan jama'a, sai da aka kawo namiji.

Ta ɗaure jakarta. Gobe za ta bi motar hantsi zuwa Maradi, ta sauka wajen ƙawarta ta nemi abin yi. Kubra na ta soya mata ƙuli-ƙuli tana share ido, wai hayaƙi ne.

Laraba, bayan magariba

Sama fes, ko iska babu. Masu gona har sun fara kukan gero na son ruwa.

Amma ni da na fito daga masallaci na hangi wani ɗan gajimare can wajen Urafane. Ƙarami ne, kamar tafin hannu, wani ba zai kula ba. Damina ba a yi mata alkawari. Irinsa ne ke girma kafin ka ɗaura wando.

Na buɗe ɗaki na cire komai, na naɗe, na rataye, na rufe gilashi da buhu. Na zauna na jira. Gajimaren ya yi tafiyarsa. Na mayar da wayoyi kamar yadda na saba. Yau ma dai na fi natsuwa wajen mayarwa, don da sauran haske, na ga ramukan sarai.

Aikina ke nan. Gadi aka ce in yi.

Alhamis, bayan la'asar

An jera kujeru, an yayyafa ruwa, manya sun zauna. Rayyanu ya canza shadda, wannan ta fi ta shekaranjiya fari. Ya yi jawabi rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce a duba bango. Aka duba bango. Ya danna.

Bango dai bango.

Ya danna, ya danna. Ya kashe akwatin ya kunna. Ya ce kuran ne, aka nuna masa fanka na juyawa. Gumi ya keto masa har shaddar ta manne. Wani dattijo ya ce ko a leƙa ƙasa? Ya dubi ƙasan teburin, ya dubi guiwar wandonsa, ya ce ba daga nan ba ne, shi da kansa ya sa aka haɗa, ba wanda ya taɓa. Ya fita bayan katanga da salula. Ya dawo ya ce ɗan katin nan ne ya ƙone, dama jabu ne, sai an kai akwatin Maradi, mako guda.

Ilyasu ya ce, "Gasa jibi ce."

Ya ce shi ba shi ya sa ranar ba.

Gambo na can baya jingine da katanga, tunda an hana shi matsowa. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida, yau salulata na gida! Mushe, ashe akwatin ba ya tsoron farar shadda!" Dandali ya ɗauki dariya, har manya. Ilyasu ya zo wajena, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba Danda, Nana ta tafi?"

Na ce, "Wace Nana? Mai kitso?"

Na bar shi ya tsaya kaɗan, kamar yadda ubansa ya tsayar da ni, sannan na ce motar hantsi ba ta cika da wuri, a duba tasha. Gambo bai jira an aike shi ba, ya haye moto mai taya biyu.

Ta shigo da jakarta a kafaɗa. Ba ta kalli Rayyanu ba. Ta gaida manya, ta ajiye jaka, ta naɗe bakin zanenta, ta ce, "Baba, zo ka riƙe mini tocila."

Da wannan guiwar tawa. Na durƙusa muka shiga ƙasa mu biyu, ba mai ganinmu sai ƙafafu. Ta haska, ta ga inda kowace waya take. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce a hankali, "Baba, jiya ko yayyafi ba a yi ba."

Na ce, "Na ga gajimare."

"A ina?"

"Wajen Urafane."

Kafaɗunta suka kama rawa. Ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan, tocilar ba fuskarta take haskawa ba. Ta mayar da ɗan yatsan raminsa, ta musanya wayoyin. Sannan ta laluba jakar hannunta ta fito da kwalbar jan farce. Ta shafa a kan wayar fitila, ta shafa a jikin ɗan yatsan, ta ɗiga a bakin raminsa.

"Cirewar ba laifi ba ce, ka ci gaba, batirin nan ba ya tare aradu. Amma ja da ja, Baba. Wadda ba ta da ja, ramin da ba shi da ja. Ka gani?"

Na ce, "Ni makaho ne?"

Ta fito ta zauna, ta ɗan taɓa abin da za ta taɓa, kogi ya fito jikin bango, fitilu suka bi hannunta. Ilyasu ya tambaye ta mi ya same shi. Ta ce, "Damina ce, Mushe. Na yi maganinta." Ya faɗa gaban manya cewa aikin nata ne, magana ta ƙare. Ta ce da sharaɗi, a buɗe wa Kawu Gambo ɗaki, ita ta zarge shi bisa kuskure, ya yafe mata. Rayyanu ya karɓi makullin motarsa bai ce na gode ba. Dama ban sa rai ba.

Gambo ya biyo ni har bakin ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi ƙurar da ke guiwata.

"Tsohon banza," ya ce. "Allah ya isa, amma na yafe rabi."

Ban san mi yake nufi ba.

Juma'a, da la'asar

Ƴan Mayahi sun fara isowa, sun cika mini dandali da ɓawon rake. Ɗakin kaya warin jan farce yake kamar ɗakin amarya. Kayan aikin da maza suka riƙe shekara da shekaru, yau ga inda aka kai shi. Kuma jan ya yi duhu da yawa, da an tambaye ni da na ce a sa mai haske.

Iska ta juya, gabas ta yi baƙi. Wannan na gaske ne. Ita tana can wajen ƴan wasa, ta ɗago kai ta dube ni, ta mayar da kai ga aikinta.

Bari in tashi tun da sauran haske.